Yadda ake fitar da aks ɗin hannun tayar baya idan ya cije a babur

Duk shekara, da ruwa ya ɗauke wajen watan Oktoba, akwai aikin da ke iske ni a gareji ko ban neme shi ba. Mai babur zai zo ya ce baya na rawa, in ya shiga kwana sai ya ji kamar tayar baya na son bin tata hanya daban, cen kuma na faɗuwa ko jiya aka ja shi. Ka ɗora babur bisa jak, ka kama taya ka girgiza hagu da dama, ka ji ƙwas-ƙwas. Bushi, wato zoben robar da ke gindin ƙarfen da ke riƙe da tayar, ya mutu ke nan. Canjin bushi bai fi aikin awa guda ba idan aks ya yarda ya fito. Idan ya ƙi, nan ne yara da yawa ke ɗaukar babbar guduma, kuma nan ne ake ɓata babur ɗin mutane. Na ga shasin da aka lanƙwasa har babur ya koma tafiya a karkace, duk saboda ƙarfe guda da kwana biyu na jiƙo suka isa su sake shi.

Ga wanda bai saba da sunayen ba: tayar baya ba a jikin shasi take kai tsaye ba. Wani ƙarfe ne mai reshe biyu kamar gwafa ke riƙe da ita, shi ke hawa da sauka idan ka faɗa rami, shokazoba na tare shi. Ni hannun baya nake ce masa. Gindin wannan hannu yana haɗe da shasi a bayan inji da dogon bolti guda, wanda ya ratsa daga wannan gefe ya ɓulla wancan. Shi ne aks. Waɗanda suka koyi aiki a Katsina ko Kano shaf suke cewa. A ƙananan babura irin na ƴan kabu-kabu, su Kasea, Haojue da Boxer, kaurinsa yakan kama daga milimita 10 zuwa 14, notinsa kuma sifana 14, 17, 19 ko 22 ke kama shi. A manyan babura ya fi haka kauri, wani ma rami ne a cikinsa kamar bututu.

Aks ba ya taɓa robar bushi. A tsakiyar kowane bushi akwai ɗan bututun ƙarfe, ta cikinsa aks ke wucewa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Ruwa na shiga nan. Ruwan da ke kwanciya a layukan gari da damina, ruwan fadama ga masu gangarawa wajen Gulbi, da ruwan injin wanki da ake harbawa daidai gindin hannu. Da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, kumbura take yi, sai ta cike ƴar tazarar nan ta matse aks ta ko'ina. A baburan da aks ke ratsa bayan inji, kamar yawancin baburan daji, akwai wata cuta ta biyu: inda baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyam cikin danshi, wani farin gari ke tsirowa kamar kanwa, kuma riƙonsa ya fi na tsatsa.

Kafin ka taɓa komai

Ka fara neman sabon aks da sababbin bushi, ka tabbata akwai su a kasuwa. Ka auna tsawo da kauri, ko ka faɗa wa mai kayan gyara ainihin samfurin babur. Mai yiwuwa tsohon aks ba zai fito da rai ba, kuma babu daɗi ka yanka shi da azahar sannan ka gano sai an aika Jibiya ko Kano.

Kayan da za ka tara: sifana mai zobe ko soket daidai kan bolti da noti, dogon bututu na ƙara wa sifana hannu, guduma mai nauyin kilo 1 zuwa 2, guntun tagulla ko alminiyam, sandar ƙarfe miƙaƙƙiya da ta ɗan fi aks siranta, guntun bututu mai kauri wanda kan bolti zai iya shigewa cikinsa, wasal masu yawa, burushin waya, man jiƙo, zarto da ruwansa sababbi biyu ko uku, samfefa da giris. Ka sa tabarau. Ɓarɓashin ƙarfe da ke tashi daga bakin sanda ba ya sallama kafin ya shiga ido.

Wanke wurin tas. Laka da ta bushe a tsakanin hannu da shasi ita ce za ta shanye man jiƙo. Ka goge haƙoran bolti da burushin waya har su yi haske.

Sannan ka sauke wa aks kaya. Ɗora babur bisa jak na tsakiya, in ba shi da shi ka sa kututture ƙarƙashin inji. Cire sandar birki, da ƙarfen da ke riƙe da farantin birki, da murfin cen, da tayar baya, da shokazoba. Idan salansa ko matakin ƙafa sun tare hanya, su ma su sauka. A wasu babura ma farantin matakin baya a jikin aks ɗin yake rataye. Abin da ake so shi ne hannu ya rage shi kaɗai, yana lilo. Idan aks ya ratsa inji, ka sassauta sauran boltocin da ke riƙe da inji, ka tallafe shi ta ƙasa, domin nauyin inji kaɗai ya isa ya danne aks ko babu tsatsa. Sau da yawa abin da ake kira cijewa nauyi ne kawai da ba a sauke ba.

Gano inda ya cije

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ke faɗa maka sauran aikin. Riƙe kan bolti da sifana, ka kwance noti, amma kada ka cire shi. Ka dawo da shi har bakinsa ya yi daidai da bakin bolti. Yanzu ka kama kan bolti ka gwada juya shi a hankali, idonka na kan hannu.

Idan aks ya juya sarai amma ya ƙi fitowa, da sauƙi. Ko dai ya ci ya yi ɗan mataki da ke sarƙewa, ko kuma ya manne da ɗan bututun ciki, bututun na juyawa tare da shi cikin robar da ta yage. Leƙa ta tsagar da ke tsakanin hannu da shasi, ka sa yaro ya juya, za ka ga ko bakin bututun na bin juyin.

Idan ka juya sai hannu ya ɗaga tare da sifana, ko ka ji aks ya ɗan tafi ya dawo kamar danƙo, to ya manne da bututun bushi, robar ce ke murɗewa tana dawo da shi. Wannan ne ya fi yawa a baburanmu. Shi ne kuma ya fi yaudara, domin roba na shanye duk ƙarfin da ka sa.

Idan kuwa hannu na hawa da sauka lafiya amma aks ko motsi, to a jikin shasi ya cije, ko a cikin inji. Akwai babura, musamman ƙananan nan marasa kuloci, da hannu ke rungume shasi ta waje, aks ya bi ta dogon bututu a tsakiyar shasi. Nan tsatsa ke samun tsawon da za ta kama.

Ka tsaya ka tabbatar da wanne ne cikin ukun kafin ka ci gaba. Inda ya cije, nan mai zai je, nan wuta za ta je, nan za a tokare.

Jiƙo

Man feshi irin su WD-40 na aiki. In babu, gazuwal ko kananzir sun wadatar. Wanda ya fi ratsawa a hannuna shi ne man giyar mota mai canza kanta, jan nan, a gauraya da asiton, wani ruwa mai narkar da fenti, rabi da rabi, a girgiza kafin kowane zubi domin rabuwa suke. Amma yana kama wuta da sauri, a nisanta shi da mai walda da mai taba. Man birki da wasu ke zubawa na cin fenti, ba na son shi. Baƙin mai kuma ya yi kauri, a baki yake tsayawa.

Matsalar ita ce aks a kwance yake, mai kuma gangara yake so. Don haka ka cire tanki da batir, ka juye man inji a kwano mai tsabta, ka kwantar da babur a gefensa bisa tsohuwar taya, ɓangaren noti na kallon sama. Cire notin na ɗan lokaci. Ka kewaye bakin ramin da ɗan gammon yumɓu ko guntun tiyo, ya zama kamar ƙaramin kasko, ka cika shi da mai. Ka zuba kuma a tsagogin nan biyu na tsakanin hannu da shasi. Duk bayan awa biyu ko uku ka ƙara, ka ɗan ƙwanƙwasa kan bolti da jikin hannu da ƙaramar guduma, ƙwanƙwasar da ba ta wuce ta mai neman a buɗe masa ƙofa ba. Girgizar ce ke tsattsaga tsatsa, mai ya samu hanya.

Idan gindin hannu bututu guda ne dogo, akwai wata dabara: huda ɗan rami na milimita 5 a tsakiyarsa, ka ɗura mai ta nan har ya cika. Mai zai kai ga bushi biyun ta ciki, inda ba ya iya kaiwa ta waje. In an gama aiki sai a yi wa ramin haƙora a ɗaura masa kan giris, ko a toshe da ƙaramin sukuru.

Kwana ɗaya ne mafi ƙaranci. Biyu sun fi. Alamar da nake jira ita ce in ga jan mai ya fara tsattsafowa ta ɓangaren kan bolti a ƙasa.

Na san wahalar wannan magana ga wanda babur ne abincinsa. Bara wani dattijo da ke ɗauko zogale daga Jiratawa, kusa da Maraɗi, ya kawo mini nasa da hantsi, buhu biyu na ɗaure a baya. Shekara shida babur na hannunsa, aks bai taɓa ganin rana ba. Na ce masa, "Baba, sai dai ka bar shi ya kwana biyu." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ganye ba ya jiran makanike. Ba ka da guduma ne?" Na ɗauko wani tsohon aks da nake ajiye da shi a akwatin kaya, bakinsa ya baje kamar kan turke, na miƙa masa. Na ce, "Baba, wannan aikin guduma ne. Ni na yi shi da hannuna ina yaron gareji. Mai babur ɗin sai da ya yi kwana tara a ƙasa." Ya juya ƙarfen a tafinsa, ya shafa bakin da babban yatsa, sannan ya kwance buhunansa ya tare ɗan kabu-kabu.

Murɗawa kafin duka

Bayan jiƙo, ka fara da juyi. Sa soket ko sifana mai zobe da ta zauna daram a kan bolti, ka zura bututu a hannunta. Sifana mai buɗaɗɗen baki za ta murje kan, kada ka kawo ta kusa. Sa yaro ya danne hannun baya, ko ka ɗaure shi da shasi. Ka matsa gaba kaɗan, ka dawo baya kaɗan. Ba kwancewa kake yi ba, aks ba shi da haƙora a ciki, niƙa tsatsa kake yi. Idan ka ji ƙas, ka ga ya gusa ko da kaurin farce ne, ka ƙara mai ka ci gaba da kai da komo, juyin na ƙara faɗi. Aks da ya yarda ya juya cikin bututunsa zai fito. Amma in ka ji sifana na tafiya da laushi alhali ɗaya bakin bai motsa ba, tsaya: bolti ne ke murɗewa, saura kaɗan kan ya tsinke.

Duka, da yadda ake tokare shi

Abu biyu ke lalata aiki a nan, kuma duka biyun na yi su ina yaro.

Na farko, dukan bakin bolti tsirara. Ƙarfe na bajewa. Guduma biyar sun isa su mayar da bakin ya fi ramin da zai bi faɗi, ka ƙara wa kanka cijewa ta biyu da hannunka. Saboda haka noti ya koma, a juye shi ma in yana da baki mai laushi, ya yi daidai da bakin bolti. Ka ɗora guntun tagulla ko alminiyam bisa, guduma ta sauka a kansa.

Na biyu, duka ba tokari. Ka tuna aks manne yake da bututun bushi. In ka doke shi, bututun ne ke tura kunnen shasi na ɗaya gefen, wato ɓangaren shasin da aks ya ratsa. Kunnen ya buɗe ya dawo, ya buɗe ya dawo, ƙarfin dukan duk ya tafi a nan, har ranar da zai buɗe bai dawo ba. Ranar da na yi wannan ɓarnar, maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya ɗora tafina a kan kunnen shasi, ya ɗan doki bolti, ya ce, "Ka ji? Shasi kake duka, aks bai ma san kana yi ba." Har yau in zan ɗaga guduma sai na tuna motsin ƙarfen nan a tafina.

Ga yadda ake yi. Babur na kwance, kan bolti na ƙasa. Ka tsayar da guntun bututun nan mai kauri a ƙarƙashi, ya kewaye kan bolti, bakinsa ya tokare kunnen shasi, kan bolti kuma ya samu ramin da zai faɗa. Gindin bututun ya zauna bisa abu mai tauri da nauyi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a garinmu, inda yawancin gareji bisa rairayi suke. Rairayi na haɗiye duka kamar katifa. Ka nemi daɓen siminti, ko maƙera, ko tsohon gangan birkin babbar mota, ko wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi. Ka sa mutum ya riƙe babur kada ya goce. Za ka ji bambanci a kunnenka: dukan da ba tokari bif yake cewa, mai tokari kuwa ƙarar maƙera yake yi.

Babbar guduma da duka kaɗan masu nauyi, a miƙe, sun fi ƙaramar guduma da duka ɗari. Ƙaramar baje baki kawai take yi. Ka yi alama da alli ko ƙusa a jikin bolti domin ka san ko ya gusa. Bayan duka biyar ko shida ka duba. In ya sauka kaɗan, ka ƙara mai, ka juya babur ka mayar da shi ciki, ka sake turo shi. Wannan kai da komo na share hanya fiye da tura shi gaba ɗaya da ƙarfi. Noti ya taɓa shasi, ka ƙara kwance shi. Haƙora sun ƙare, ka cire shi ka ci gaba da sandar ƙarfe. Sandar ta kusa kai kaurin aks. Siririya lanƙwashewa take, ko ta nutse a bakin bolti ta buɗa shi, mai tsini kuwa ita ce mafi muni. In ka ga baki ya riga ya baje, ka gyara shi da magagari ko giranda kafin ya shiga rami.

In aks mai rami ne a ciki, kada ka cusa masa abin da zai buɗa shi. A nemi sanda mai kafaɗa, siririn bakinta ya shiga ramin, kafaɗar ta zauna bisa bakin.

Duka ashirin masu kyau ba motsi, ajiye guduma. Ƙari ba zai kawo komai ba sai ɓarna.

Wuta

Tanki na nesa, kafireta ba fetur, wayoyi da tiyo an janye ko an rufe da jiƙaƙƙen tsumma, man jiƙo an goge, bokitin rairayi na kusa. Sai a kunna.

Idan a shasi ya cije, a gasa bututun shasin ta waje, a zagaya da wutar, kada a tsaya wuri guda. Na waje ya buɗe kafin zafi ya kai na ciki, sai a doka nan take. Ba a son ƙarfen shasi ya yi ja, kuma ba a watsa masa ruwa.

Idan a bushin roba ne, gasa hannu ta waje ba ya kai zafi inda ake so, roba na tarewa. Abin da ya fi shi ne a zafafa aks ɗin kansa: mai walda ya ɗora ɗigo mai kauri a kan bolti, zafi ya bi tsawonsa. Aks zai kumbura ya murƙushe tsatsar da ke kewaye da shi. Sannan a bar shi ya huce sarai, domin da zafinsa ya fi matsewa. Ya huce, a zuba mai, a koma juyi da duka. Kafin walda a cire batir da akwatin wutar babur, a maƙala wayar ƙasa a jikin boltin kansa, kada wuta ta bi ta boris. Roba za ta yi hayaƙi mai guba, a yi aikin a fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa.

Idan a inji ne, a yi hattara sosai. Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka zafi kaɗan ya ishe shi. Yana narkewa wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sai dai ka ga ya zube. Ɗiga ruwa a kai: ya yi cuu ya ƙafe nan take, ya isa. Wutar gas mai laushi ta fi ta walda a nan. Kuma ba a yi wa aks da ya cije a inji mugun duka, kunnen inji fashewa yake.

Ja maimakon turi

Wannan ita ce hanyar da na fi so idan duka ya gaza, domin ƙarfinta a hankali yake zuwa kuma shasi na tokare da kansa. Aks in ana turinsa kumbura yake so ya yi, in ana jansa kuwa sirancewa.

Yanke kan bolti da giranda, ka goge bakin ya yi sumul. Yanzu babu abin da ya hana aks fita ta ɓangaren noti. Zura wasal uku ko huɗu masu faɗin rami, ka shafa wa haƙora giris, ka ɗaura noti mai kyau, dogo in da hali. Ɗaure shi. Noti na matse wasal, wasal na tokare shasi, aks na fitowa. In aks na son juyawa tare da noti, a yi wa yankakken bakin tsaga a riƙe shi, ko a danne hannu. Haƙora sun ƙare, ka kwance, ka ƙara wasal ko guntun bututu, ka sake. In ya yi tauri, ka bar shi a ɗaure, ka doki yankakken bakin da sanda, ka ƙara ɗauri. Ja da duka tare na sakin abin da ɗayansu bai iya ba. Ka cusa ƙarfe mai tsaga ko wasal da aka yanka a tsagar da ke tsakanin hannu da shasi idan akwai sarari, kada kunnen ya lotsa.

In haƙoran sun riga sun mutu, a yi ta ɗaya gefen: mai walda ya liƙa dogon bolti mai haƙora a kan aks, a miƙe, a zura bututu ya tokare shasi, a sa wasal mai kauri da noti, a ja. Ga ribar zafin walda a ciki.

Na dattijon Jiratawa da haka ya fito, a rana ta uku da safe. Da noti ya ɗauki nauyi sai muka ji ƙas kamar an karya kara, jan ruwa ya gangaro. Da aks ya fito, tsakiyarsa ta sirance, ga ramuka kamar ƙyanda ta ci shi.

Masu injin matsa ƙarfe da ke aikin manyan motoci na iya turo shi cikin minti kaɗan, amma sai an tuɓe babur kusan tsirara, kuma dokar tokari na nan: injin da ke da ƙarfin tan 10 ko 20 zai naɗe shasi kamar gwangwani idan ba a tokare daidai bakin ramin ba. Ka tsaya a kai ka gani da idonka.

Yanka

In duk sun gaza, a yanka. Tsakanin hannu da shasi, a kowane gefe, akwai ƴar tsaga, wani lokaci da wasal ko murfin ƙura a ciki. Fasa murfin ka fitar, ka zura ruwan zarto. In firam ɗin zarto bai shiga ba, naɗe bakin ruwan da tsumma ka riƙe da hannu, haƙoran na kallonka domin ya ci a jawowa. Ɗiga mai, ka yi a hankali. Aks ƙarfe ne mai tauri, zai cinye ruwa biyu ko uku. In bututun bushi mai tauri ne har zarto na zamewa, sai siririn faifan giranda, amma a kiyaye fuskar shasi, domin abin da ka ci a nan zai koma rawa daga baya. Yanka biyu, hannu ya sauko. Guntayen da suka rage a shasi gajeru ne, sanda na fitar da su. Hannun kuma a kai shi injin matsawa a turo bushi da guntun aks gaba ɗaya. In roba ta fita ta bar zoben waje manne, a tsaga zoben ta ciki da zarto, a naɗe shi da kurfi.

Mayarwa

Naɗa samfefa a sanda ka goge cikin ramukan har su yi haske. In tsohon aks ya fito lafiya, gangara shi bisa gilashi. Ya yi tsalle, ko yana da mataki ko ramuka, a jefar. Kada a maye gurbinsa da rodin gini da aka yi wa haƙora ko boltin kanti marar lamba. In dole sai bolti, a duba kansa a ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Ran mutum biyu, wani lokaci uku, na bisa wannan ƙarfe.

A matsa sababbin bushi da dogon bolti da wasal, kada a doke su. Shafa giris a tsawon aks duka da cikin bututun, mai jure ruwa in an samu, amma kada ya taɓa roba. In boris ne a maimakon bushi, a cika shi da giris, a sa sababbin robobin ƙura. Aks ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu da tafi. In sai da guduma, wani abu bai daidaita ba, a duba.

Ɗaura noti da hannu tukuna. Mayar da shokazoba, taya da birki, sauke babur ƙasa, mutum ya hau, sannan a ɗaure aks gwargwadon abin da littafin babur ya ce. Bushin roba in aka ɗaure shi taya na rataye, a murɗe zai zauna, wata kaɗan ya yage. Ja cen ya rage wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, daidaita alamomin gefe biyu, gwada birki. Bayan mako guda a sake taɓa notin.

Daga nan, sau ɗaya a shekara, da an gama girbin gero, a zare aks a goge a shafa giris a mayar. Minti ashirin ne. Dattijon nan ya dawo bana bayan kaka, na kwance noti, na tura da babban yatsa, aks ya zamo ta ɗaya gefen da girisinsa na bara. Ya tsaya yana kallo na goge na mayar, ya kwance bakin buhu ya cika wa yarana kwano da zogale, ya hau ya nufi kasuwa.